Sammako ko Jiran Wayewar Gari: Lissafin Maharbin Barewa a Amurka

A jihohin arewacin Amurka irin su Wiskonsin da Mishigan da Pensilbeniya, da zarar ganye ya fara zuba, akwai gardamar da maharba ba sa gajiya da ita: ƙarfe nawa ya kamata mutum ya rufe ƙofar mota ya nufi bishiyar da zai yi kwanto a kai? Wanda bai san harkar ba cewa zai yi ai wannan ba abin musu ba ne, a yi sammako kawai. Amma a cikinsu akwai wanda zai rantse maka cewa in ba ka hau bishiya awa biyu kafin gari ya waye ba, ranar ta tafi a banza. Akwai kuma wanda zai ce dogon sammakon ne ma ke korar naman, gara ka dakata sai ka fara ganin inda kake sa ƙafa. Kowannensu yana kai nama gida, kowanne kuma ya san daji. Inda suka rabu shi ne, in suna magana kowa bishiyarsa yake tunawa, da hanyar da yake bi ya je gare ta.

Farautar ba irin tamu ta rani ba ce, da ake fita gayya da karnuka da gora, a tayar da nama a bi shi a guje. Wannan ta zama ce. Mutum ɗaya, da baka ko bindiga, zai hau wata 'yar kujerar ƙarfe da aka ɗaure a jikin bishiya, mita 5 zuwa 6 daga ƙasa, ya kame shiru yana jiran barewa ta biyo ta ƙarƙashinsa. Barewar kuwa ita ce mai farar wutsiya. A wajajen 1900 ta kusa ƙarewa saboda masu farautar sayarwa da saran dazuka, har aka ƙiyasta abin da ya rage a duk ƙasar bai wuce rabin miliyan ba. Dokokin hana farautar kasuwa, da harajin bindigogi da harsasai da aka mayar wa kula da namun daji tun 1937, su suka farfaɗo da ita. Yanzu ana maganar wajen miliyan 30, maharba na ɗaukar kusan miliyan 6 daga ciki kowace shekara. Dabbar da ake yi wa irin wannan rubdugu duk kaka, in ka ga namiji ya kai shekara huɗu ko biyar da ƙahonsa masu rassa, to ba sa'a kaɗai ta kai shi ba. Ya san takun ɗan Adam, ya san warinsa, ya san lokacin da yake shigowa daji. Saboda shi ake wannan dogon lissafi.

Abu ɗaya ne a lissafin da ba ya hannun maharbi, wato doka. A yawancin jihohi ba a yarda a saki kibiya ko harsashi ba sai saura minti 30 rana ta fito, kuma hukumomin namun daji har jadawali suke bugawa na kowace rana. Haska barewa da fitila a harbe ta cikin dare, abin da maharbanmu na dare suka saba yi da tocilar goshi, can laifi ne mai jawo tara da ƙwace lasisi. A wancan yanki minti 30 ɗin nan ya zo kusan daidai da lokacin da ido ke fara rarrabe abu a fili ba tare da fitila ba. Kafin shi akwai dogon duku-duku. A Kano tsakanin ketowar alfijir da hudowar rana awa ɗaya ce da 'yan mintuna. A Wiskonsin cikin Nuwamba tazarar takan kai awa ɗaya da minti 40, saboda rana a karkace take hawowa. Gari ba ya wayewa farat ɗaya. A cikin kurmi kuwa, ranar da hadari ya rufe, doka za ta ce lokaci ya yi amma ido bai yarda ba tukuna.

Daga nan maharbi ke ƙirgowa baya. A ce rana za ta fito ƙarfe 7:00. Harbi ya halatta 6:30. Tafiya daga mota zuwa gindin bishiya, a hankali, minti 30. Hawa da ɗaure jiki da jawo makami da igiya da ƙara sutura, minti 15. Sannan a ba daji rabin awa ya manta da motsin da aka yi masa. Lissafi ya kai mutum ga barin mota wajen 5:15. Wannan shi ne abin da aka gada, abin da uba ke koya wa ɗa, kuma a wurare da yawa yana aiki lafiya lau. Aibinsa ɗaya ne. An lissafa maharbi, an lissafa rana, ba a lissafa inda barewar take ƙarfe 5:15 ba.

Barewa dabbar almuru ce da asuba. Da yamma takan tashi daga makwancinta ta nufi wurin kiwo: gonar masara da aka girbe, ko ta waken suya, ko filin ciyawar dabbobi, ko gindin itatuwan ok da ke zubar da 'ya'ya a kaka. Can take kwana, ta ci, ta kwanta ta yi tuƙa, ta tashi ta ƙara. Gabanin wayewar gari sai ta juya ta koma duhuwar da take wuni a ciki. Maharbin safe so yake ya tare ta a wannan komawar, ke nan dole ya riga ta isa ƙofar gidanta ba tare da ta sani ba. Ga kuma inda gizo ke saƙar: hanyar da ta fi sauƙi ga mutum, inda mota ke iya tsayawa, inda babu sarƙaƙiya, kusan kullum ta gefen gona take bi, daidai wurin da barewar ke tsaye.

Mu ɗauki gundumar Bafalo da ke yammacin Wiskonsin, a gaɓar kogin Misisipi, wadda ta yi suna a duk Amurka wajen manyan mazan barewa. Ƙasa ce ta dogayen tuddai da kwaruruka masu zurfi. Ana noma a doron tudu, ana noma a cikin kwari, gangaren da ke tsakani kuma an bar shi kurmi saboda garma ba ta hawansa. Barewa na kiwo sama ko ƙasa, ta kwanta a gangare, galibi can kusa da sama, a ɓangaren da tudu ya tare iska, inda hancinta ke gadin bayanta, idonta ke gadin kwari. Maharba biyu na iya kafa kujeru a gangare ɗaya, ba nisa tsakaninsu. Na farko daga titin da ke kwari zai shigo, ya bi ta cikin busasshen rafi ya hau, gonar da ake kiwo a cikinta tana can sama nesa da shi. Shi sammako ba ya cutar da shi ko kaɗan. Ko ƙarfe 4:00 ya shiga ba mai ganinsa. Na biyun ba shi da mashiga sai ta gonar saman tudu, domin ƙasan na wani ne, kuma a Amurka taka filin wani ba izini ba abin wasa ba ne. In ya shiga 5:15, sai ya ratsa tsakiyar garke yana cin kala. Su biyun in suka haɗu a kanti suna musun lokaci, har abada ba za su daidaita ba.

Ga yadda abin yake a cikin duhu. Kana tafiya, tocila a ƙasa, sai ka ji dif, dif. Tsohuwar mace ce take buga ƙafar gaba a ƙasa, so take abin da ta ji ya sake motsawa ta gane shi. In ba ta gamsu ba sai ta zagaya ta inda iska ke kaɗowa daga gare ka. Da warin ya bugi hancinta sai ta saki wani huci mai ƙarfi wanda a daren da ba iska ana jinsa daga nesa, ta maimaita, ta maimaita, ta ɗaga wutsiya farin ya bayyana, garke ya bi ta. Tsakanin kofatanta akwai wata 'yar jaka mai fitar da wari, shi ya sa maharba ke cewa ko bayan ta tafi ta bar sanarwa a ƙasa. Namijin da aka yi sammakon dominsa bai yi huci ba, bai buga ƙafa ba. Ya ji, ya sulale ta wata hanya. Maharbi kuwa zai hau bishiya ya zauna har hantsi yana jiran baƙon da ya riga ya fasa zuwa. Kuma asarar ba ta tsayawa a ranar. Masu bincike na Jami'ar Auburn sun sa wa mazan barewa abin wuya mai GPS a wani daji a Karolaina ta Kudu, suka ga cewa da zarar an zauna a wata kujera, mazan kan kauce wa kewayenta na kimanin kwana uku kafin su sake sakin jiki. Wannan wanda ya zauna lafiya ke nan, balle wanda aka yi wa huci. Mai hutun mako guda kacal, kuskuren asuba ɗaya ya cinye masa kusan rabi.

A ganina lokacin da ya fi kowane ɓarna shi ne wanda akasarin mutane ke faɗawa ciki ba da niyya ba. Mutum ya makara kaɗan, ya tsaya shan kofi, ya shiga daji saura minti 20 ko 30 harbi ya halatta. A wannan tsakanin ne barewa ke barin gona tana shiga kurmi, wato ita da maharbi suna kan turba ɗaya a lokaci ɗaya. Ita tana ganinsa sarai, shi ba ya ganinta, ko ya gan ta ma doka ta ɗaure masa hannu. Ga shi yana sauri saboda gabas ta fara ja, sauri kuwa a daji ba abin da yake haifarwa sai karya itace da zufa. Bai ci ribar duhu ba, bai ci ta haske ba. Wanda ya tsinci kansa a wannan hali, in hanyarsa ta gefen gona ce, gara ya zauna a mota ya ƙarasa kofinsa.

Masu dogon sammako hujjarsu ita ce, a watan Oktoba, kafin barbara ta kankama, babban namiji yakan koma makwancinsa tun da sauran duhu. Kyamarorin da ake ɗaurawa a jikin itatuwa sun sha nuna haka: hotonsa yana shigewa cikin baƙin dare, gari na wayewa ya riga ya kwanta. Wanda ke son tare shi a bakin makwanci dole ya riga shi, awa ɗaya da rabi ko biyu kafin haske. Suna kuma cewa barewar da ta ji motsi a tsakar dare ba ta firgita kamar wadda ta ga mutum ido da ido. Takan matsa gefe ta bari abin ya wuce. Da gaskiyarsu, matuƙar ba ta shaƙi wari ba.

Sai dai sammakon da tsadarsa. Sanyi ya fi tsanani gab da hudowar rana. Mutumin da ya yi zufa wajen hawan tudu, sannan ya zauna awa biyu ba motsi a iskar da ta daskarar da ruwa, kafin 8:30 haƙoransa sun fara kaɗawa, 9:00 ya sauko, alhali da hantsi ma barewa na zuwa. Shi ya sa gogaggu ke tafiya da 'yar riga, su goya manyan kayan sanyi a baya, sai jiki ya huce a gindin bishiya su sa. Ga barci, wanda a mita 6 sama da ƙasa ba ƙaramin abokin gaba ba ne. Ga kuma abin da ya fi waɗannan duka: kowane minti da mutum ya yi a zaune, warinsa zuba yake yi.

Nan ne maganar iska ta shigo, kuma ba wadda masu hasashen yanayi ke faɗa a waya kaɗai ba. A ƙasa mai tudu da kwari akwai iska ta biyu da zafi da sanyi ke tuƙawa. Cikin dare ƙasa na hucewa, iskar da ke kanta ta yi sanyi ta yi nauyi, sai ta riƙa gangarowa tana bin kwari yadda ruwa zai bi. In rana ta fito ta ɗumama gangaren, sai abin ya juye, iska ta fara hawa. Juyawar ba ta zuwa daidai da hudowar rana. Gangaren da ke kallon gabas yakan juya da wuri, wanda ke cikin inuwa sai hantsi ya yi sosai, a tsakani kuma akwai ɗan lokacin da iskar ke walagigi ba ta san inda ta nufa ba. Maharba na gwada ta da audugar wani tsiro ɗan uwan tumfafiya. Su tsinko ƙwaya ɗaya su saki, su bi ta da ido: ta yi gaba kaɗan, ta tsaya cak, ta nutse ƙasa, ta dawo ta wuce ta gefen bishiyar ta gangara kwari. Inda ta bi, nan warin mutum ke bi.

To in barewa daga gonar kwari za ta hauro, maharbi kuma yana sama da ita tun ƙarfe 5:00, awa biyu cur warinsa na kwarara zuwa inda take. Sammakonsa ya zama shela. Irin wannan kujera ba ta son a hau ta sai rana ta bugi gangaren, iska ta juya sama, lokacin da mai bin al'ada zai kira lalaci. In kuwa daga gonar saman tudu za ta sauko, maharbi na ƙasa da turbarta, iskar asuba taya shi take yi, tana kwashe warinsa tana kaiwa kwarin da ba kowa. Shi tasa matsalar daga baya take zuwa. Kujerarsa ta asuba ce, hantsi na yi ta tashi aiki, in ya nace ya ci gaba da zama sai ya ɓata ta har gobe da jibi.

Masu jiran haske kuwa, ribar jinkirinsu ita ce ido. Sukan tsaya nesa da gona, su duba da madubin hangen nesa har su ga garke ya shige kurmi, sannan su bi bayansa ko su zagaya. Suna ganin busasshen reshe kafin su taka shi. Makami na hannu, lokaci ya halatta, in Allah ya kawo rabo a hanya ba sai an kai bishiya ba. Tafiyar tasu ma farauta ce: taku uku a tsaya, taku biyar a daɗe a tsaye. Kurege na ta da ƙarar ganye sosai, talotalon daji ma haka, amma barewa ba ta cika damuwa da su ba, saboda su tsalle suke su tsaya, su tona su tsaya. Raf, raf, raf ba yankewa, wannan sai ɗan Adam.

Sau da yawa yanayin daren ne ke raba gardamar. In an kwana ana yayyafi, ganye ya yi laushi, ko iska na kaɗa rassa, mutum zai iya shiga har kusa da makwanci cikin duhu ba a ji shi ba. In kuwa dare ne garau, ba iska, raɓa ta daskare a kan busasshen ganye, kowane taku sai an ji shi a ƙetaren kwari. A irin wannan safiya ko dai a shiga tun barewa na can nesa a gona, ko a haƙura sai rana ta narkar da raɓar. Masu filin kansu sukan rage wa kansu wahala tun kafin lokaci: su share turba da manjagara har ƙasa ta fito, su datse rassan da za su goga a jiki, su kafa ƙusoshi masu ƙyalli a jikin itatuwa don kada a ɓata. Minti goma na bulayi ana neman bishiya a duhu ya fi awa guda ta makara ɓarna, domin duk inda takalmi ya taka ya bar wari.

Tocila ma ana musu a kanta. Idon barewa na duhu ne; akwai wani shimfiɗi mai ƙyalli a bayansa da ke mayar da haske, shi ke sa idonta walƙiya in fitilar mota ta haska ta. Sai dai ba ta rarrabe launi kamar mutum. Gwajin da aka yi a Jami'ar Jojiya a farkon shekarun 1990 ya nuna shuɗi da abin da ya yi wajen kore take gani da kyau, ja da ruwan lemo ba sa ɗaukar idonta. Shi ya sa ake ɗaura jar fitila a goshi a karkata ta ƙasa, shi ya sa kuma rigar ruwan lemo mai ƙyalli da doka ta wajabta lokacin bindiga ba ta tona asirin mai ita. Ni dai tafiya ba fitila don gudun barewa ba ta burge ni, domin babban haɗarin wannan farauta ba bindiga ba ce. Hukumomin jihohi da dama sun sha faɗa cewa faɗowa daga bishiya ta fi harbin kuskure raunata maharba, kuma yawanci wajen hawa ko sauka ko tsallakawa daga tsani zuwa kujera ake faɗowa. A haɗa wannan da duhu, da raɓar da ta daskare a kan matakalar ƙarfe, da yatsun da sanyi ya kashe. Ƙa'idar ita ce a ɗaura ɗamarar jiki, a maƙala ta a igiyar da ta sauko daga sama tun ƙafa na ƙasa, a bar bindiga ba harsashi sai an zauna a jawo ta. Duk wannan lokaci yake ci. Mai irin kujerar nan da ake goyo a baya, a rungumi bishiya da ita ana jan jiki sama tana kankare ɓawo, ko dai ya ƙara sammako ko ya yarda cewa tasa ta wayewar gari ce.

Duk wannan lissafin na mai daji shi kaɗai ne. A dajin gwamnati, inda kowane mai lasisi ke da haƙƙi, ba barewa kaɗai ake tsere da ita ba. Farautar bindiga ta kwana tara a Wiskonsin tana buɗewa ne Asabar ɗin ƙarshe kafin bikin Godiya na ƙarshen Nuwamba, kuma mutum sama da rabin miliyan ke yankar lasisinta. Mishigan tata 15 ga Nuwamba ce kowace shekara, ko wace rana ta faɗo. A irin wannan safiya kana sammako wani a tafe ya kwana. Al'adar ita ce wanda ya riga ya hau, in ya hango fitila na nufo shi, ya ƙyafta tasa, mai zuwa ya karkata. Nan dogon sammako ba shi da abokin gardama. Wanda ya kutsa can ciki ya zauna tun da duhu, duk masu makara aikinsa suke yi, suna turo masa naman da suka tayar daga bakin titi. Da hantsi kuma, in sanyi ya sauko da su suna komawa mota, su sake tayar masa da wani. A ranar babu mai hankalin da zai kashe tocila ya yi sanɗa cikin duku-duku. Rigar ruwan lemo ba ta aiki sai da haske, fitilar ce kaɗai ke gaya wa mai bindigar da ke can gefe cewa wannan motsin na mutum ne.

Sai kalanda. Raguwar tsawon yini ce ke tayar da barbara, ba sanyi ba, don haka a jihohin arewa kusan lokaci ɗaya take zuwa duk shekara: maza su fara yawon neman mata daga ƙarshen Oktoba, abin ya yi tsanani wajen tsakiyar Nuwamba, a haifi 'ya'ya bayan kimanin kwana 200, ƙarshen Mayu zuwa Yuni. A waɗannan makonni namijin da ya shekara yana ɓuya yakan watsar da tsarinsa. Yana iya ratsawa ƙarfe 7:00, yana iya ratsawa 11:00 ko da azahar, hanci a ƙasa, yana bin makwantan mata ɗaya bayan ɗaya. Maharba kan bar bakin gona su koma mashigai, irin siririn kurmin da ya haɗa dazuka biyu, ko inda doron tudu ya lotsa. Wanda zai wuni a bishiya har almuru, awa 10 ko fiye, ba shi da dalilin ƙarar da ƙarfinsa cikin duhu. Ya shiga a natse da zarar ido ya fara gani, ya ajiye juriyar don tsakar rana.

A tsakiyar wannan lokaci ne kuma Amurka ke mayar da agogo baya da awa ɗaya, ranar Lahadin farko ta Nuwamba. A kudancin Wiskonsin, ranar Asabar rana ta fito wajen 7:30, wayewar Lahadi ta fito 6:30 da 'yan mintuna. Barewa ba ta san an yi ba. Wanda ya saba barin mota 5:45 ya manta bai sauya lissafi ba, zai sa ƙafa a daji saura kwata harbi ya halatta, daidai lokacin da garke ke barin gona.

A Disamba, bayan barbara ta lafa, maza sun rame, sun sha harbi, dusar ƙanƙara ta yi ɓawo mai ƙara. Barewa kan kwanta kusa da abinci don kada ta ɓata ƙarfi wajen tafiya, saboda haka da wuya a samu hanyar shiga da safe da ba za ta tayar da ita ba. Haka ma farkon lokacin farauta da baka a Satumba, sa'ad da take manne da gonakin waken suya. Gogaggu da yawa a waɗannan makonni ba sa fita da safe sam. Sukan yi barcinsu, su shiga bayan azahar lokacin gona ba kowa, su hau kujerar bakin gona su jira ta fito da la'asar sakaliya. Sai matsalar ta koma ta fita, domin kafin magariba gonar ta cika da barewa, maharbi kuwa yana bisa bishiya a gefenta. Wasu kan shirya da wani ya zo da mota ko tarakta har gindin bishiyar ya ɗauke su. Barewar gona ta saba da injin manomi. Za ta gudu daga gare shi, gobe ta dawo, ba tare da ta ga mutum yana saukowa daga bishiya ba.